Sulhu, kare kai ko ramuwa: ina iyakar wanda aka zalunta?

Malamin Tarihi, Gusau:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da nake so mu tattauna a tsanake, don Allah ban da zagi. Tun wajen 2011 ake zubar da jini a Zamfara. Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya ƙirga sama da mutum 6,000 da aka kashe da marayu sama da 25,000, kuma lissafin a 2019 ya tsaya. An gwada 'yan sa-kai, an kawo soja, an kawo jirgin yaƙi. A Satumbar 2021 an katse sabis na waya, an rufe kasuwannin mako. A 2022 gwamnati ta ce kowa ya nemi bindigarsa. A Janairun 2024 aka ƙaddamar da askarawa, wato jami'an tsaron al'umma na jiha, sama da 2,600. Kowane mataki ƙarin makami ne, kaburbura kuwa ƙaruwa suke yi.

Ni dai na kai ga cewa talaka ya daina ɗaukar makami kwata-kwata. Ba tsoro nake kira gare shi ba. Gandhi na Indiya ya taka da ƙafa kusan kilomita 390 a 1930 don ya karya dokar Turawa ta gishiri, bai riƙe ko wuƙa ba. Kada kuma a ce wannan hanyar Hindu ce: Abdul Gaffar Khan Musulmi ne, ɗan ƙabilar Fashtun da suka shahara da ɗaukar fansa, ya tara dubban mutanensa suka yi rantsuwa ba za su rama ba ko an doke su. A Fishawa a 1930 sojojin Ingila suka buɗe musu wuta a tsakiyar kasuwa, ba su watse ba, ba su kuma rama ba. Me ya hana mu?

Manomi daga yankin Maru:
Wa'alaikumus salam. Malam, kai Gusau kake kwana, ƙofarka da kwaɗo, titinku da sojoji. Mu abin da kake hwaɗi mun yi shi tun ba a ba mu shawara ba. Ba mu da bindiga sadda sunka fara zuwa. Sunka kore shanun huɗa, munka yi shiru. Sunka aza muna harajin noma, munka tara gida-gida munka kai. Da kaka ta yi sunka sake aza na girbi. Sunka ce mu tai mu nome musu gonarsu cikin daji, munka tai da hauyunmu, mu da ɗiyanmu, tun safe har la'asar ba ko fura. Bayan duk wannan sunka shigo da dare sunka ɗauki mata. To wane haƙuri ya rage wanda ba mu yi ba? Shi Gandhi da gwamnati yay yi, mai kotu da jarida da jin kunyar duniya. Wanda ka zuwa bisa babur su uku-uku, ya sha ƙwaya, kunyar wa shika ji?

Malamin Tarihi, Gusau:
Baba, Allah ya mayar muku da alheri, ban raina abin da kuka gani ba. Amma biyan haraji da noma gonar azzalumi ba shi ne abin da nake nufi ba, wannan miƙa wuya ne na dole. Abin da nake nufi ƙin ba da haɗin kai ne, gari guda baki ɗaya: ba mai sayar musu da mai, ba mai kai musu burodi da katin waya, ba mai saye shanun sata, a kuma fito a tsare hanya har gwamnati ta ji. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun bi gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka tarar waɗanda ba su ɗauki makami ba sun yi nasara da kusan kashi 53 cikin ɗari, masu makami kuwa kashi 26.

Ɗalibar Shari'a, Kaura Namoda:
Malam, da izininka. Binciken nan na gaskiya ne, amma ka duba waɗanda aka yi gwagwarmayar da su: gwamnatoci ne da 'yan mulkin mallaka. Gwamnati tana rayuwa ne da ma'aikaci ya je ofis, ɗan sanda ya bi umarni, ɗan kasuwa ya biya haraji. In aka janye waɗannan sai ta durƙushe. Ɗan bindiga in ƙauye ya ƙi ba shi, ƙona ƙauyen yake yi ya wuce na gaba. Shi kansa Gandhi ya rubuta tun 1920 cewa in zaɓi ya rage tsakanin ragwanci da faɗa, faɗa zai ba da shawara. Kuma shawarar da ya ba Yahudawan Jamus a 1938, su fuskanci Hitila ba makami, har yau masoyansa ma ba sa iya kare ta. Mandela ya fara da hanyar lumana, amma bayan 'yan sanda sun kashe mutum 69 a Shafbil ta Afirka ta Kudu a 1960, shekara na zagayowa ya shiga kafa reshen ƙungiyarsu ta ANC mai makami.

Inda na yarda da kai shi ne in da gwamnati ake magana. A Afrilun 2019 da 'yan Zamfara suka yi tattaki a Abuja, cikin kwana ɗaya ko biyu aka sanar da hana haƙar zinari a jihar. Wannan hanyar tana cin gwamnati. Daji ne ba ta ci.

Liman, Talata Mafara:
Bismillah. Na karanta duka. Malamin Tarihi, niyyarka mai kyau ce, amma addini bai bar wannan mas'ala a buɗe ba yadda kake zato, bai kuma buɗe ta yadda wasu matasanmu suke so ba.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi shekara 13 a Makka ana azabtar da sahabbansa, aka kashe Sumayya, aka ɗora wa Bilal dutse, ba a ba su izinin ɗaga takobi ba. Sai bayan hijira aya ta 39 cikin Suratul Hajji ta sauka, aka yi izini ga waɗanda ake yaƙa saboda an zalunce su. Ka ga asali shi ne kame hannu, izinin kuma da dalilinsa ya zo. Sannan a Baƙara aya ta 190 aka ce ku yaƙi waɗanda suke yaƙar ku, kada ku ƙetare iyaka. Umarni da hani a aya guda.

Game da wanda aka shigo wa gida, hadisin yana cikin Muslim. Wani ya tambayi Annabi: in mutum ya zo zai ƙwace dukiyata fa? Ya ce kada ka ba shi. In ya yaƙe ni fa? Ka yaƙe shi. In ya kashe ni? Kai shahidi ne. In na kashe shi? Yana wuta. Saboda haka ba wanda zai ce wa Baban Maru ya yi laifi don ya tsaya a bakin ƙofarsa. Malamanmu na Malikiyya ma sun ce in da hali a fara yi wa ɗan fashi magiya da Allah ya janye kafin a yaƙe shi, in ba hali a kare kai kawai.

To amma hadisin nan a kan wanda ya zo maka yake. Bai ce gobe ka tafi kasuwa ka kama wanda ya yi kama da shi ba.

Ɗan Ruga, Tsafe:
Allah gafarta Malam, layinka na ƙarshe shi ya sa zan yi magana, da na yi niyyar in karanta in wuce. Ni Bafulatani ne, ina karatu. Baffana ya kai bijimi kasuwa ranar cinta, ya sayar, ya saya wa matarsa gishiri da kanwa da atamfa. Wasu masu bindigar toka da layu a damtse suka tare shi a bakin kara, suka ce ɗan leƙen asiri ne. Ba a kai shi gun hakimi ba, ba a kai shi gun 'yan sanda ba. A bayan kasuwa aka yanka shi, mutane na kallo, ledar gishirin na gefensa. Mu ma an sace mana shanu, ɓarayin dajin ba su bar mu ba don muna jin Fulatanci. Baffan nawa yana da 'ya'ya maza. Ɗayansu yanzu yana daji, kuma ba na kare shi, abin da yake yi haramun ne, na faɗa masa a waya har ya daina ɗauka. Amma na san ranar da ya fara.

Baba na Maru, ina tambayar ka da girmamawa: baffana yana cikin waɗanda suka ɗauki matanku?

Manomi daga yankin Maru:
Ɗana, Allah shi jiƙan baffanka. Ba shi ciki, kuma wanda yay yanka shi zai amsa gaban Allah. Ni ban taɓa zuwa kasuwa kamun kowa ba. Amma kai ma ka sani, a 'Yargaladima cikin 2014 taron 'yan banga anka iske anka buɗe wa wuta, mutanen garin sun ce sama da ɗari anka rufe. Wanga abu kowane ɓangare na da gawar da zai nuna.

Ɗan Ruga, Tsafe:
Haka ne Baba. Shi ya sa nake tsoron duk maganar da ta fara da "su suka fara".

Saurayin Shinkafi:
Ni wallahi wannan tausasa harshe ya ishe ni. Mutanen da suka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, suke ƙona mutane cikin mota, su ake nema wa uzuri? A gama da su da duk mai taimaka musu, da rugagen da ke ɓoye su. In an share dajin sai a zo a yi wa'azi.

Mai kula da zaure:
Ƙanena na Shinkafi, ba wanda ya nema musu uzuri a nan. Ka faɗi ra'ayinka a kan masu laifi yadda kake so, amma kiran a share rugage ba za mu bar shi a zauren nan ba. A kiyaye.

Tsohon Soja, Zuru:
Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne, na yi aikin soja har na yi ritaya, na je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Ɗana na Shinkafi, bari in gaya maka abin da ba a nunawa a bidiyo. Kalmar "a share" daga nesa take da sauƙi. In ka shiga ƙauye bayan an gama, tsohuwar da ta kasa gudu za ka tarar, da akuya a ɗaure, da yaro a ƙarƙashin gado. Masu bindigar sun riga sun haye babura tun da suka ji ƙarar jirgi. Ka tuna Tudun Biri a Kaduna, Disambar 2023, masu Mauludi aka jefa wa bam bisa kuskure, aƙalla 85. A Janairun 2025 a yankin Zurmi da Maradun jirgi ya faɗa wa 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito bin sawun ɓarayi, ya ɗauka su ne ɓarayin. Wanda ya roƙi a yi ruwan wuta ba shi ke zaɓar inda zai sauka ba.

Mu ma a coci wannan gardamar tsohuwa ce. Yesu ya ce wanda ya mare ka a kuncin dama ka juya masa ɗayan. Akwai ɗarikun da suka riƙe wannan har suka ƙi aikin soja gaba ɗaya. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro daga Garkida a 1923, daga irin wannan tushen ta fito, kuma yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yanta ne. An ƙona musu majami'u da yawa, shugabanninsu suka ci gaba da cewa ba ramuwa. Ina girmama su ƙwarai. Amma da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba, ya ce kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Daga baya malamai irin su Agustin da Toma Akwinas suka ce yaƙi ba ya halatta sai da hukuma mai iko, da dalili na adalci, da niyya mai kyau.

Abin da na tsaya a kai shi ne: marin da aka yi mini ina da ikon in yafe. Marin da ake yi wa ɗiyar maƙwabcina ba nawa ba ne da zan yafe. Malamin Tarihi, a nan muka rabu. Sai dai kuma a ƙasarmu ta Zuru, a Maris na 2022, 'yan sa-kai sama da 60 suka mutu a kwanton ɓauna guda a yankin Sakaba. Jarumai ne, amma an bar su da bindigar gida su tari masu AK47. Duk wanda ya ce wa talaka "kare kanka" ya koma gida ya kwanta, shi ma da hannunsa a jinin.

Malamin Tarihi, Gusau:
Ranka ya daɗe, tunda ka ambaci Laberiya, ai kai shaida ne. Bindiga ta yi shekara 14 ba ta gama yaƙin ba. A 2003 mata Kirista da Musulmi sanye da fararen kaya suka zauna a ƙofar zauren taron sulhu a Akara, suka hana wakilai fita sai sun daidaita.

Tsohon Soja, Zuru:
Gaskiya ne Malam, matan nan sun yi abin da mu ba mu iya ba. Ka dai haɗa da cewa a lokacin 'yan tawaye sun kewaye Monrobiya, shugaban ƙasar Charles Taylor ya rasa mafita, sojojin Najeriya kuma suka sauka a watan Agusta. Abubuwan tare suka yi aiki.

Innar Marayu, Anka:
Salamu alaikum. 'Yata ce take rubuta mini, ni ina faɗa. Maigidana a gona aka harbe shi, yana cikin ban-ƙasa. Ya bar ni da yara, muna zaune a ɗakin aro. Ku maza kuna ta Gandi da Laberiya. Ni abin da na sani, lokacin da aka yi sulhu a 2019 mun koma gona, mun ci kasuwa, na kwana ban sa takalmi a ƙafa ba. Da sulhun ya lalace muka dawo gudu. In an tambaye ni, a yi sulhu. Ba don na yafe ba. Ban yafe ba, kuma ranar lahira ina da magana da wanda ya harbe shi. Amma babban ɗana ya fara cewa zai shiga sa-kai ya rama wa babansa, dare ba na barci. Na ba daji miji, ba zan ƙara masa da ɗa ba.

Saurayin Shinkafi:
Inna, Allah ya jiƙan Baba, ya raya marayu. Amma wane sulhu? An yi da ƙasurgumin ɗan bindiga Buharin Daji a ƙarshen 2016 zamanin Gwamna Yari, ya lalace. An yi zamanin Gwamna Matawalle. Auwalun Daudawa da ya kwashe yaran Ƙanƙara ya zo Gusau a Fabrairun 2021 ya rantse da Alƙur'ani ya miƙa bindigogi, kafin wata uku ya koma daji. A 2022 har sarauta aka naɗa wa jagoran 'yan bindiga Ado Aleru a 'Yandoto. Wanda ya kashe mutum ɗaya a kai shi kurkuku, wanda ya kashe ɗari a ba shi rawani? Me muke koya wa yara?

Liman, Talata Mafara:
Ɗana, tambayarka tana kan hanya, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan, don a nan ne ake cakuɗa abubuwa.

Sulhu ba rauni ba ne. A Anfal aya ta 61 an ce in sun karkata ga zaman lafiya kai ma ka karkata. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Annabi ya karɓi sharuɗɗan da suka yi wa Sayyidina Umar nauyi har ya kasa yin shiru, aka ƙulla shekara 10 ba yaƙi. Sayyidina Hasan ya sauka daga mulki a shekara ta 41 don a daina zubar da jinin Musulmi, alhali yana da runduna. To Inna ba ta faɗi abin kunya ba.

Amma Hudaibiyya rubutacciya ce, da shaidu, kowa ya san abin da ke kansa. Da Ƙuraishawa suka taimaki Banu Bakar a kan Khuza'a, Annabi bai ce a ƙara haƙuri ba, ya tafi Makka a shekara ta 8. Sulhun da ba a tanadi abin da zai biyo bayan karya shi ba, hutu ne kawai aka ba mai makami.

Sannan ga abin da ban taɓa jin an yi a sulhunmu ba. Ayar hiraba a Ma'ida, ta 33, ta faɗi hukuncin 'yan fashi, ta 34 ta cire waɗanda suka tuba kafin a ci ƙarfinsu. Malamanmu suka yi bayani: abin da tuba ke kayarwa haƙƙin Allah ne, wato haddi. Haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan. Ma'ana gwamna yana iya cewa ba zan tsire ka ba, amma ba shi da ikon yafe jinin mijin Inna. Wannan nata ne da 'ya'yanta: ko ƙisasi, ko diyya, ko su yafe da bakinsu. Haka jinin baffan ɗanmu na Tsafe, magadansa ke da shi, kuma wanda ya yanka shi a gaban alƙali ya kamata ya tsaya ko da rigar sa-kai ce a jikinsa. An zauna da masu bindiga na ɓangarorin biyu, an ci an sha an ɗauki hoto. Wa ya kira zawarawa? Ayar Hujurat da ta ce a sasanta ɓangarori biyu, da ta zo ƙarshe cewa ta yi a sasanta da adalci.

Malamin Tarihi, Gusau:
Allah gafarta Malam, wannan ya shige ni. Bari in ƙara da tarihinmu na gida, don ana yawan kawo jihadi a matsayin hujjar gaggawar ɗaukar makami. Shehu Usmanu ya yi kusan shekara 30 yana wa'azi, kimanin 5 daga ciki a nan ƙasar Zamfara, bai ja daga da kowa ba. Da aka matsa masa, hijira ya fara yi daga Ɗegel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, sai da Sarkin Gobir Yunfa ya biyo shi aka haɗu a Tabkin Kwatto. Duk da haka, shekara uku kacal da farawa, ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu ya bar runduna ya nufi gabas, har ya tsaya a Kano, saboda ya ga mutane sun koma neman ganima da mulki. Shehu Laminu na Borno kuma ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla. In yaƙin da irin waɗannan malamai suka jagoranta ya fara gurɓacewa a gaban idonsu, ina ga wanda saurayi mai jin zafin kashe ubansa zai yi, ba amir, ba alƙali? Wannan ne tsorona. Na yarda mutum ya tsaya a ƙofarsa. Ban yarda akwai wanda zai iya tsayar da abin a ƙofar ba.

Ɗalibar Shari'a, Kaura Namoda:
Dokar ƙasa ma a wajen ta ja layi. Sashe na 33 na Tsarin Mulki ya kare rai, ya kuma yarda da ƙarfin da ya zama dole wajen kare kai ko dukiya. Yana ƙarewa ne inda haɗarin ya ƙare. Wanda aka kama aka ɗaure ba haɗari ba ne kuma, kashe shi kisan kai ne. Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 su ma sun hana kashe wanda ya ajiye makami ko aka tsare, ko da yaƙin na cikin gida ne.

Ma'aikaciyar Jinya, Gusau:
Ni ba malama ba ce. Abin da zan ce, a gadon asibiti na wanke raunin harsashi a cinyar ɗan sa-kai, na wanke a kafaɗar yarinyar ruga da ba ta kai shekara goma ba, kakarta na riƙe da ƙwaryar nono ta rasa wanda za ta yi wa magana don ba ta jin Hausa sosai. Masu rakiyar ɗan sa-kan suka ce don me muke ɓata magani a kanta. Wannan maganar ta fi raunin tayar mini da hankali, don mutanen kirki ne, na san wasunsu, suna salla a sahun gaba.

Manomi daga yankin Maru:
To tunda magana ta kai nan, bari in hwaɗi abin da ya sa ban yi barci ba, ku ba ni hukunci. Jiya da marece samarinmu sunka kama wani yaro bakin rafi, bai wuce shekara sha huɗu ba, da galan biyu na mai da buhun burodi bisa keke, zai shiga daji. Ɗan garinmu ne, Bahaushe, uban ya rasu, uwar na saida ƙuli. Ya ce dubu biyu aka ba shi kowace tafiya, kuma sun ce in ya ƙi za su ɗauki uwar. Yanzu shina ɗaure zauren mai gari. Samari sun ce infoma ne, da man da yaka kai aka zuwa a kashe mu, a gama da shi kowa ya gani. Wasunsu 'yan'uwansu anka kashe watan jiya. In mun sake shi, gobe wani ya yi. In mun kai shi gari, hanyar ba ta biyuwa sai da rakiya, kuma mun sha kai mutum mu ganai ya dawo kafin mu. Malam, mi za mu yi?

Saurayin Shinkafi:
Baba, wannan kam yaro ne. Ni manyan nake nufi.

Liman, Talata Mafara:
Baba, don girman Allah ka tashi yanzu ka tafi zauren nan, kada ka jira safiya. Jininsa haramun ne a kanku ta kowace fuska. Bai balaga ba ko kuma yana kan gaɓa, an tilasta shi da barazana a kan uwarsa, bai kashe kowa da hannunsa ba, yana ɗaure, ku kuma ba alƙalai ba ne. Usama bin Zaid ya kashe mutum a fagen fama, mutumin da ya gama yaƙar Musulmi, bayan ya furta kalmar shahada, Annabi ya yi ta maimaita masa ko ka tsaga zuciyarsa, har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Wancan babba ne mai takobi. Ka samu limaminku da dattawa biyu ko uku ku kwana a zauren, samari ba sa ƙetare furfura in ta zauna a ƙofa. A kwance masa igiyar in ta ci hannunsa, a ba shi abinci.

Ɗalibar Shari'a, Kaura Namoda:
Baba, mai gari ya kira hakimi da DPO a waya tun daren nan, a sanar da su akwai yaro a hannu, a faɗi sunansa. Da zarar hukuma ta san da shi, masu son taɓa shi za su yi tunani sau biyu. A nemi sojoji ko askarawan da ke kusa su zo su ɗauke shi. Kuma a tambaye shi wa ke sayar masa da man, don galan biyu ba daga hannun mai ƙuli suka fito ba.

Ɗan Ruga, Tsafe:
A fitar da uwar daga garin ita ma, Baba. In na daji suka ji an kama shi, ita za su fara nema.

Innar Marayu, Anka:
In an rasa inda za a kai ta, a kawo ta wurina. Ɗakin ƙarami ne amma za mu shiga.

Manomi daga yankin Maru:
Na ji. Liman namu tsoho ne, ba shi fita da dare, amma zan buga mai ƙofa. Mutum biyu cikin samarin ɗiyan ƙanena ne, su za su ji maganata, sauran ban sani ba. Sabis sai an hau tudun makaranta aka samu, in na sauka ba ku ƙara jina sai gobe. Ɗiyata ta Kaura, turo min lambar da za a kira ta akwatina kafin in sauka.